Kiran da Na Amsa a Filin Kurket

Ko zan manta komai na zamana a Dubai, ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a da na miƙe a gaban dubban mutane na amsa kiran da ba ni ake yi wa ba. Na daɗe ba na son a tayar da zancen. Amma wanda ya fi kowa iya ba da labarin ya riga mu gidan gaskiya, shi ya sa na ga gara in ba da shi da bakina, ko da yake ba zan iya kwaikwayon kaina kamar yadda yake kwaikwayona ba.

Sunansa Gul, amma kowa Lala yake ce masa, wato Yaya a yarensu. Mutumin Afghanistan ne, direban a-kori-kura. Ni kuma lokacin ina aiki a wani shagon aika kaya a Al Buteen, kusa da bakin ruwa, ina ɗaure kwalayen 'yan kasuwarmu masu zuwa sari. Shi yake kwashe mana su zuwa filin jirgi. Ɗaki ɗaya muke kwana a Al Muraqqabat, a shekarun da jirgin metro bai daɗe da fara aiki ba. Gado mai hawa biyu ne, shi a ƙasa, ni a sama. Na ukunmu Awudu ne, ɗan Zangon Kumasi, mai gadi a wani otal.

Ranar da muka fara haɗuwa da Lala bai tambayi sunana ba, ƙabilata ya tambaya. Na ce Hausa. Ya maimaita kalmar, ya ji ta zauna masa a baki, shi ke nan sunana na yanka ya ɓata. "Hausa, shayi." "Hausa, yalla, an kira salla." Har masu shagunan layinmu suka ɗauka sunan da babana ya raɗa mini ke nan. (Ku riƙe wannan da kyau, don shi kaɗai ne uzurina.)

Abu biyu Lala yake ji da su bayan iyalinsa: gashin bakinsa da wasan kurket. Gashin bakin baƙi ne wuluk, mai kauri, kullum da safe sai ya shafa masa mai ya murza gefe da gefe kafin ya ɗauki makullin mota. Kurket kuwa a wurin mai shayin da ke ƙasan benenmu muke kallo, wani mutumin Kerala ta Indiya da ya rataye talabijin a saman firij. Talabijin ɗin tana da hoto mai kyau, amma ba ta da murya, lasifikarta ta daɗe da mutuwa. Haka na yi ta kallon wasan nan kamar kurma. Abin da na fahimta shi ne, wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da faffaɗan katako, sai mutum biyu su yi ta sintiri tsakanin 'yan sanduna. Lala ya sha yi mini bayani da kofuna da cokula a kan tebur. Ni kuma ina gyaɗa kai, saboda ba na son ya ga wahalarsa ta tafi a banza.

A shekarar aka kawo gasar share fage Dubai, ta gajeren wasa, irin wanda ake gamawa a yammaci ɗaya ba mai cin kwanaki ba. Ƙasar da ta tsallake za ta je babbar gasar duniya. Ƙasar su Lala na ciki, kuma ta kai wasan da in an ci an wuce, in an faɗi a tattara kaya. Da wata ƙasar Turawa za su kara.

Sai rigima ta tashi a kan mutum ɗaya. Akwai wani saurayi dogo mai jifa da gudu kamar harsashi, ni da Awudu muna ce masa Dogo. Akwai kuma wani dattijo mai ɗan tumbi da ke jifa a hankali yana murza ƙwallon da yatsu, muna ce masa Tsoho. Labari ya zo cewa masu zaɓen 'yan wasa za su ajiye Dogo su sa Tsoho. Nadir mai aski, ɗan ƙasar su Lala da shagonsa ke jikin na mai shayi, ya ce wannan hauka ne. Da Larabcin kasuwa da guntun Turanci ake musun, amma ga yadda ya kasance.

"Lala, habibi," in ji Nadir, "wannan tsohon in ya jefa ƙwallo, sai ka sha shayi ka wanke kofi ba ta isa ba. Gajeren wasa na yara ne. Ƙarfi da gudu, khalas."

"Kai aski ka sani," in ji Lala. "Turawan nan a kan ɗanyar ciyawa suka girma, ƙwallo mai gudu ita ce abincinsu. Ka ba su Dogo, su yi ta aika masa ƙwallonsa har garin Sharjah. Amma ƙasar Dubai busasshiya ce. Ƙwallo in ta sauka sai ta tsaya ta yi tunani, sannan ta juya. Haƙurin jiranta ne ba su da shi."

"To ai ko ba Tsoho ma ba mu da tabbas. Masu bugunmu biyun farko zakuna ne, na yarda. Da sun fita fa? Sauran sai su zube kamar kwalayen Hausa in igiya ta tsinke. Ga rashin iya cafe ƙwallo. Ta taho daga sama, mutum uku su tsaya suna yi wa juna bismilla."

"Ka ga ka zo wurina. Tunda ba za mu tara maki da yawa ba, dole a samu wanda zai shaƙe su a tsakiyar wasa. Yaro zai ba ka gudu. Tsoho zai fitar maka da masu bugunsu."

Nan Nadir ya juyo kaina. "Kai Hausa, kullum kana nan kana gyaɗa kai. Me ka gani?"

Da na yi shiru da mutuncina. Amma na gyara zama, na ajiye kofi, na yi irin muryar masu sharhin ƙwallo a rediyo. Na ce a nawa ganin a fara da Tsoho, in ya gaji sai a canja shi da Dogo bayan hutun rabin lokaci. Awudu ya sunkuyo ya ce mini da Hausarsa ta Zango, wadda a cikinta Masa ke nufin maigida, "Masa, wannan wasa ba shi da canji. Ba bal ɗin ƙafa ba ne." Lala kuwa ko gezau. Ya ce, "Hausa da hikima yake magana, ku ne ba ku kai ba." Haka yake, bai taɓa barin a yi mini dariya shi yana zaune ba. Sai ranar da na fi ƙarfinsa.

Nadir ya ce, "To in tsohon naka ya ba mu kunya fa?"

Lala ya ɗaga yatsa ya taɓa gashin bakinsa. "Ka aske wannan da hannunka."

Har mai shayi sai da ya daina zuba madara. Kowa a wurin ya san saura 'yan makonni Lala ya tafi gida ɗaurin auren babbar 'yarsa. A garinsu, uban amarya ya tsaya gaban dangin ango da leɓe fayau kamar na yaro, abin da za a yi ta faɗa ne har jikoki. Nadir ya ce shi ma ya sa nasa gashin bakin. Suka tafa, suka ce Hausa ne shaida.

Da muka hau sama na ce, "Lala, ka janye maganar nan. Biki fa za ka."

Ya ce, "Magana ta riga ta fita. Kai dai ka yi addu'a." Sai ya rage murya. "Ka san ni na kwaso jakunkunan yaran daga filin jirgi zuwa otal? Na gaya musu ina da wani Hausa mai addu'a, ba ya fashin jam'i. Sun ce a gaishe ka. Sun san da kai."

Har yau ban san ko haka aka yi ba. Lala ba maƙaryaci ba ne, amma yana da hannu wajen zuba wa labari gishiri. Ni dai na ɗauki maganar da nauyi. Bayan kowace salla sai in ɗaga hannu in roƙa wa wani mai tumbi nasara, mutumin da ko sunansa ban iya faɗa ba.

Ranar Juma'a muna sallamewa muka ɗuru a a-kori-kurar Lala, ni da shi da Awudu da Nadir. Na sa farar shaddata ta Salla da hula zanna, don in 'yan wasan suka nemi mai addu'arsu kada su sha wahalar gane shi. Filin yana can bayan gari, cikin rairayi. Cunkoso ya riƙe mu, ba mu shiga ba sai da 'yan ƙasar su Lala suka kusa gama bugunsu. Yadda Nadir ya faɗa haka aka yi: zakunan biyu sun yi ɓarna, sauran suka zube. Makin da aka tara bai taka kara ya karya ba.

Turawa suka karɓi katako, suka fara make ƙwallo hankali kwance. Ganguna da ke tashi a ɓangarenmu suka yi ta raguwa. Hannun Lala na kan gashin bakinsa, yana shafa shi a hankali kamar mai sallama da ɗan'uwa a tasha. Nadir kuma, ko da yake ƙasarsa ce ke faɗuwa, bai fasa kai yatsa leɓe yana cewa "zik, zik" ba.

Sai kyaftin ya miƙa wa Tsoho ƙwallo. Mu muna zaune daidai bayan alƙalin wasa, wani Bature mai farar malafa. Tsoho ya taka 'yan sawu kamar mai tafiya masallaci, ya saki ƙwallo. Ta sauka, ta yi tunaninta, ta juya, ta daki mai bugu a ƙwauri.

Abin da ya biyo baya, wallahi da kunnena na ji shi. 'Yan wasan nan gaba ɗaya suka juyo ɓangarenmu, har Tsoho da tumbinsa. Suka ɗaga hannuwa sama, suka ranƙwafa, suka kwarma ihu da murya ɗaya:

"Hausaaaa!"

Na ce a raina, ashe Lala gaskiya ya faɗa. Yaran nan suna tsakiyar tashin hankali, amma ba su manta da mai addu'arsu ba. Ina dalili in bar su suna kira? A gidanmu ba a koya mana haka ba.

Na miƙe. Na ga tsayin bai isa ba, na hau kan kujera. Na cire hula ina kaɗawa, na buɗe murya iya ƙarfina: "Na'am! Na'am! Ga ni nan! Allah Ya ba ku nasara!"

Ina cikin haka sai alƙalin nan ya ɗaga manuniyarsa sama, a hankali, cikin natsuwa. Na ce ikon Allah, har Baturen ma abin ya taɓa shi, ga shi yana shaida Allah ɗaya ne. (Na san yadda wannan yake a kunne. Ku yi haƙuri, haka na yi tunani.) Ni ma na ɗaga tawa manuniyar na yi kalmar shahada da ƙarfi, don kada a bar shi shi kaɗai. Filin ya ɓarke da sowa. Na ɗauka tawa ce. Na dafa ƙirji na rusuna gabas, na rusuna yamma. Da na ɗaga kai sai ga ni a ƙaton allon filin, farar shadda, hula a hannu, ido ya kawo ruwa.

Sai na ji ana jan rigata ta ƙasa. Awudu ne. "Masa, sauka! Don girman Allah sauka, ka kashe mu!"

"Sake ni, ɗan Zango. Ba ka ji suna kirana ba?"

Ya buɗe baki zai yi magana, dariya ta shaƙe shi. Da ƙyar ya iya cewa, "Wa ya kira ka? Ba Hausa suke cewa ba. Hawzat suke cewa! Turanci ne suka tauna, wai yaya ka ga wannan. Alƙali suke tambaya ko mutumin ya fita, tunda ya tare wa sandunan ƙwallo da ƙafa."

"To yatsan fa?"

"Kora ce, ɗan Kano! Ya kori mai bugu. Kai kuma ka musuluntar da shi!"

Ban san yadda na sauko daga kujerar nan ba. Lala, wanda murna ta hana shi lura da ni da farko, ya tambayi Awudu me ya faru. Awudu ya gaya masa. Na ga gashin bakin ya fara rawa. Ya yi ƙoƙari, Allah Ya sani ya yi ƙoƙari ya riƙe saboda ni. Sai ya zame tsakanin kujeru ya zauna a ƙasa, yana dukan cinya, hawaye na zuba. Nadir ya juya ya gaya wa na bayansa, na baya ya gaya wa na gefe. Ina ji ina gani labarina yana tafiya layi layi cikin yaren da ban sani ba, inda duk ya isa sai dariya ta tashi a wurin, a juyo ana nuna ni. Na mayar da hulata na danna ta har gira. Da akwai kwalin da zai ɗauke ni, da na shiga na ɗaure kaina an aika Kano.

Na yunƙura zan fita, Lala ya cafke wuyan hannuna. Yana haki ya ce, "Ba inda za ka. Ka amsa, mutum ya fita. Zauna."

Ba a jima ba Tsoho ya sake samun wani a ƙwauri. Aka sake kwarma ihun. Wannan karon na ji ƙaramar "t" ɗin da ke ƙarshe sarai, na sunkuyar da kai na yi gum. Alƙali ya girgiza kai: bai fita ba. Sai ɓangarenmu kaf ya juyo kaina. Wani dattijo mai jan gemu na lalle ya zungure ni da sandar tuta yana faɗa. Nadir ya fassara: "Wai don me ba ka amsa ba?"

Na ce, "Lala, ka gaya musu kuskure ne. Ba ni ake kira ba."

Ya dube ni, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya taɓa leɓensa. "Hausa," ya ce a hankali. "Bikin 'yata."

To me zan ce? Kunyar da zan ji na riga na ji ta, ba sauran abin da zan adana. Da Tsoho ya sake murza wata ta shige ta daki ƙafar wani ƙato, suka juyo suka yi ihunsu, sai na haye kujera da sanina, na cire hula, na ce, "Na'aaam!" Alƙali ya yi jim. Sannan yatsan ya tashi.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ganguna suka dawo. Daga nan Turawa suka rikice, suka fara kai wa ƙwallon duka tun ba ta gama tunani ba, yadda Lala ya faɗa a wurin mai shayi. Wani ya ɗaga ta sama, mutum uku suka taru a ƙarƙashinta, muka riƙe numfashi, Allah Ya sa ɗaya ya daina bismilla ya cafe. Makin da muka raina ya zame musu dutse. Kuma duk lokacin da Tsoho ya juya zai yi jifa, sai ɓangarenmu ya ɗauka da tafi: "Hau-sa! Hau-sa! Hau-sa!" Na kasa kunne da kyau, don ba na son a maimaita. Babu "t". Wannan karon ni ake kira.

Aka ci wasan. Mutanen da ban taɓa gani ba suka ɗaga ni sama, hulata ta yi yawo a kawuna daban-daban kafin ta dawo. Lala ya rungume Nadir, ya rungume Awudu, ya rungumi wani ɗan sanda. Da ya zo kaina sai ya kama kaina da hannu biyu ya sumbaci goshina. Gashin bakin ya soke ni.

Washegari ya zauna a kujerar Nadir ya ce a gyara masa shi gyaran biki. Nadir ya gyara, ya shafa mai. Sannan ya juya ga madubi ya ɗora aska a kan nasa, don cika alkawari. Lala ya riƙe hannunsa. "Bar shi. Wa zai kawo kansa wurin mai askin da ya yi wa kansa ɓarna?" Nadir ya ajiye askar, amma bai sallama ba. Ya ce shi har gobe Dogo ya kamata a sa, kuma ba Tsoho ne ya ci wasan ba, Hausa ne. Suka ɗora musu daga inda suka tsaya.

Lala ya je biki. Ya kawo mini hoto, yana tsaye kusa da ango, gashin baki ya miƙe gefe da gefe kamar ya san abin da ya tsallake. Mun ƙara shekaru tare, kuma duk baƙon da ya zauna a wurin mai shayi sai Lala ya hau kujera ya nuna masa yadda na rusuna gabas da yamma. Daga baya ciwon ƙirji ya mayar da shi gida. Duk Juma'a bayan salla sai ya kira ni. Ba ya sallama. Ina ɗauka sai in ji, "Hausaaaa!" Ni kuma in ce, "Na'am."

Wata Juma'a bayan Babbar Salla wayar ta yi ƙara, lambarsa ce. Na ɗauka na ce na'am tun kafin a yi magana. Sai wata murya ta saurayi ta yi sallama, ta ce, "Kai ne Hausa?" Ɗansa ne. Na ce ni ne. Sauran maganar ba sai na rubuta ba. Allah Ya jiƙan Lala, Ya sa ya huta.

Darasin da na koya ba shi da yawa. In ka ji taron jama'a sun juyo sun kira sunanka, kafin ka hau kujera ka duba ko akwai mai farar malafa tsaye tsakaninku. Kuma kada ka yi sharhin wasan da a talabijin marar murya ka koye shi.

Mai shayin ya sayi sabuwar talabijin yanzu, mai murya. Nakan zauna in an sa wasa, kusa da Nadir da gashin bakinsa da ya fara furfura. In ƙwallo ta daki ƙwauri suka juyo suka yi ihu, na san abin da suke cewa, na san wa suke tambaya. Ba na hawa kujera. Amma Nadir ya ce leɓena yana motsi, kuma ban musa masa ba.